Bindigar Kaka: A Harba Ta, Ko A Adana Ta?



Akwai wata gardama da kan tashi a gidajenmu lokaci-lokaci, musamman in Sallah ta gabato, ko za a yi naɗin sarauta, ko bikin ɗan babban gida. Gardamar kuwa a kan tsohuwar bindigar da aka gada take. A Damagaram, a Maraɗi da Tsibiri, a Tasawa, a Ƙonni har Tawa, ba a rasa gidajen da ke da irinta: tana jingine a lungun ɗakin tsoho, ko rataye a bango, ko kuwa a ƙarƙashin gado an nannaɗe ta cikin tsohon bargo. Samari su ce a fiddo ta a ɗura mata albarushi a ji muryarta, ai bindigar da ba ta ƙara sanda ce kawai. Wasu dattawa su ce a bar ta inda take, kar a taɓa. Can gefe kuma ga wani ɗan uwa yana lissafin jikkunan da dillalin tsoffin kaya ya ce zai biya.

Ra'ayinmu ba ɓoyayye ba ne. Bindigar da ta ga zamanin kakanni, ko wadda ke ɗauke da labarin gida ko na gari, kar a sake harba ta. Amma jefa ta lungu har tsatsa da gara su gama da ita, wannan ma kashe ta ne, a hankali dai. Za mu kawo dalilanmu, za mu kuma kawo hujjar masu cewa a harba yadda su kansu suke faɗinta, domin hujja ce mai nauyi.

WACE IRIN BINDIGA MUKE NUFI?

Ba duk tsohuwar bindiga ce iri ɗaya ba. Mafi tsufa su ne na ɗuri, waɗanda ake zuba wa albarushi ta baki a daddanna da sanda, yawanci kuma ƙanƙara ce ke ba su wuta. Ta hanya biyu suka shigo ƙasar nan. Wasu ayarin raƙuma ne ya ɗauko su daga Tarabulus, ya ratsa hamada ta Agadas ya sauke a Zangon Damagaram. Wasu kuma daga bakin teku suka hauro, inda fataken Turai ke sauke bindigogi masu araha da aka ƙera a Birmingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam musamman don kasuwar Afirka. Maƙeranmu suka koyi gyaransu, daga gyara suka kai ga ƙera nasu.

Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884 bayan kimanin shekara 30 kan gadon sarauta, ya yi fice wajen gane darajar wannan makami. Ya tara bindigogi masu yawa, ya kafa rundunar ƴan bindiga, kuma a zamaninsa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin Damagaram kanta. Ƴan bindigar da muke gani gaban sarki ranar hawan Sallah, suna sakin wuta hayaƙi na turnuƙe gari, gadon wancan zamani suke riƙe da shi.

Kashi na biyu su ne masu harsashi, waɗanda suka zo da Nasara. Sojan Faransa na wancan lokaci na riƙe da Gras, samfurin 1874, mai cin harsashi ɗaya-ɗaya, da Lebel, samfurin 1886, mai ɗaukar harsashi 8 a cikinta, wadda ita ce bindigar soja ta farko a duniya da ta yi aiki da albarushi marar hayaƙi. Abin da ya faru a Lugu garin Sarauniya Mangu cikin Afrilun 1899, da Birnin Ƙonni cikin Mayu, da Tirmini cikin Yuli inda rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta kara da su, ta fuskar makami labari ɗaya ne: kafin mai kibiya ya matso kusa, kafin mai ɗuri ya gama ɗuri ɗaya, mai harsashi ya yi harbi sau da dama. Wannan ratar kuwa da gangan aka shirya ta. Tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burusel cewa ba za a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigar zamani ba, sai dai mai ƙanƙara da albarushin ɗuri. Shi ya sa da Kaosan ya kewaye barikin Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, bindigogin zamanin da ke hannun mutanensa ta Libiya suka biyo, cikinsu har da waɗanda aka ƙwace daga sojan Italiya.

Kashi na uku su ne na farauta na zamanin mulkin mallaka. Akwai tsoffin Gras da soja suka daina aiki da su, aka mayar da su na harbin tsuntsu da namun daji aka sayar da araha, akwai kuma irin su Simplex mai baki ɗaya ta kamfanin Manufrance. Ba kowa ake ba izinin riƙe su ba. Sarakuna, ma'aikata da tsoffin soja ne suka fi samu. Don haka irin wannan bindiga a gida takan nuna matsayin da kakan ya riƙe.

Abu biyu ba sa cikin maganarmu. Bindigar mafarauci da maƙeri ya ƙera mishi shekarun nan, wannan kayan aiki ce kamar gatari, ya yi aikinsa da ita bisa izinin hukuma. Kalashnikov da ƴan uwanta kuwa ba kayan tarihi ba ne, ko da shekara nawa suka yi a binne. Makaman yaƙi ne, kuma akwai hukumar CNCCAI da aka kafa tun 1994 don karɓar irinsu.

ABIN DA IDO BA YA GANI CIKIN ƘARFE

Dalilinmu na farko shi ne hannun mai harbi da idonsa. Mutane na duba bindiga daga waje, su ga ƙarfe na ƙyalli, su ce lafiyarta lau. Alhali bindiga daga ciki take tsufa. Baƙin albarushi in ya ƙone yakan bar wani baƙin datti mai gishiri a cikin bututu. Wannan dattin yana jan raɓa, in ba a wanke shi da ruwan zafi an busar ba, sai ya yi ta cin ƙarfe yana yi mishi ramuka kamar zanzana. Wurin da ya fi ci kuwa shi ne can gindi, inda albarushi ke zama, kuma nan ne ƙarfin fashewa ya fi yawa, nan ne kuma ido ba ya kaiwa. Bututun da yawa daga cikin tsoffin nan ba dunƙulen ƙarfe aka huda ba, fallen ƙarfe aka naɗe aka haɗe bakinsa da wuta da guduma. Tsatsa ta fi son bin wannan mahaɗi. Ka lissafa damina nawa bindigar ta gani tun daga zamanin Tanimun.

Sannan albarushin ma ba na da ba ne. An yi waɗannan bindigogi ne don baƙin albarushi. Albarushin da ke cikin harsashin zamani ƙarfin da yake tarawa cikin bututu ya fi na baƙin nesa ba kusa ba. Yau kuwa in saurayi ya rasa na gargajiya, sai ya farke harsashi ya juye, ko ya kankare kan ashana ya tara. Ga shi kuma ranar biki gasa ake yi, kowa na son tasa ta fi ƙara, sai a ninka awo. Bindigar ɗuri in ta fashe ba ta neman izini: hannun hagun da ke tallafe da ita take fara ɗauka, sai fuska, ragowar ƙarfen kuma ya watsu cikin taro inda yara suka fi yawa. Wane gari ne a cikinmu ba a san wani mai dungu ko mai ido ɗaya da bindiga ta fashe wa ba?

Masu harsashin ma ba su tsira ba. Tsoffin bindigogin farauta da yawa an yi mazaunin harsashinsu ne daidai tsawon milimita 65, alhali harsashin da ke kasuwa yanzu na 70 ne ko 76. Zai shiga, bindiga ta rufe kamar ba komai, amma in ya tashi ba shi da wurin buɗewa sosai, sai ƙarfin ya taru inda bai kamata ba. Harsashin Gras da na Lebel kuwa an daɗe da daina yi wa soja su. Wanda aka tsinta cikin tsohuwar adaka yana iya ƙin tashi, yana kuma iya yin jinkiri, sai mutum ya sauke bindiga yana dubawa sannan ta tashi.

Ko ƙarfe ya jure, icce ba lalle ya jure ba. Iccen da ya sha hunturu ɗari ya bushe ƙayau, wataƙila gara ta rarake cikinsa. Bugu ɗaya ya isa ya tsaga shi a wuya. Kunamar ta karye, ba shagon da za a samu irinta. Maƙeri zai yi dabara ya sa wata, gobe a sake icce, jibi a yanke bututun da ya tsage. A kwana a tashi sai ka ga sunan bindigar kaka ne kawai ya rage, ita kanta ta tafi guntu-guntu.

Wani zai ce an yi shekara 50 ana harba ta duk Sallah ba abin da ya faru. Haka ne. Amma kowane harbi daga cikin waɗannan ya rage mata wani abu, kuma igiyar guga ba ta ba da sanarwar ranar da za ta tsinke.

BINDIGA MA TAKARDA CE, GA WANDA YA IYA KARANTA TA

Dalilinmu na biyu shi ne tarihi. Mafi yawan abin da aka rubuta game da shigowar Nasara ƙasar nan, su da kansu suka rubuta shi cikin rahotanninsu. Namu ɓangaren yana bakin tsofaffi, da cikin ƴan kundaye, da jikin kayan da aka bari. Da marigayi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Damagaram da na yaƙin Kaosan, sai da ya haɗa takardun Nasara da abin da dattawa suka riƙe. Dattawan nan sun tafi. Kayan ne suka rage.

Ɗauki tsohuwar bindiga ka duba ta cikin haske. In ta sojan Faransa ce, za ka ga sunan maƙerar da ta fito an zana a jiki, St Étienne, ko Châtellerault, ko Tulle, ga shekarar da aka yi ta, ga kuma lambarta an buga a sassa daban-daban. In lambobin sun yi daidai, ka san ba a taɓa canja mata komai ba. In ta Liyej ce, sau da yawa akwai ɗan tambari mai haruffa ELG cikin zobe. Bayan wannan sai aikin hannun namu mutanen: fatar da aka naɗe wuyanta da ita, ƙusoshin farin ƙarfe ko na tagulla da aka yi mata ado, wayar da aka ɗaure tsaga da ita, layar da aka ɗinke a jiki, gurbin da yatsun mai ita suka sassaƙa a icce saboda yawan riƙo. Masani zai iya gane hanyar da ta biyo ta iso nan, da zamanin da aka gyara ta, wani lokaci har da garin maƙerin. In ta fashe, duk wannan ya tafi cikin ƙiftawar ido, kuma ba kasuwar da za a sayo wata mai labarin nan.

Mu duba yadda muke yi da sauran kayan gado mana. Kundin da kaka ya rubuta da hannunsa ba a miƙa wa yara su yi ta buɗawa. Kwafa ake yi, a adana na asali. Tsohuwar rigar da aka naɗa kakan kaka sarauta da ita ba a shiga kasuwa da ita. To me ya sa bindiga kaɗai za a ce sai ta yi aikin ƙuruciya da tsufanta?

HUJJAR MASU CEWA A HARBA

Hujjarsu ta farko al'ada ce. Suna cewa hawan Sallah ba ƙarar bindiga lami ne. Sanin awon albarushi, da yadda ake ɗuri cikin sauri, da taku, da juyi, da kirarin ƴan bindiga, duk ba a littafi ake koyonsu ba, a fili ake koyo. In aka kulle bindigogi bayan gilashi, nan da shekara 20 ba mai iya ko ɗaya. Wallahi wannan gaskiya ce, kuma ba ma cikin masu son a kashe hawan ƴan bindiga. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai a lura, al'adar a jikin mutane take, da hannun maƙera. Ƴan bindigar Tanimun ba da bindigogi masu shekara 150 suke aiki ba, da sababbi suke aiki. In muna son koyi da su, sai a ƙera sababbi don hawa, ƙarƙashin kulawar fada da sanin hukuma, a yi musu rajista, a gwada su kafin biki, a tsayar da awo ɗaya. Tsoffin kuma a fito da su ranar hawa a saɓa a kafaɗa a gaban ayari, maroƙi na faɗin ta wane ce, wane yaƙi ta gani. Jama'a sun ga tarihi, sun ji ƙara, maƙeri ya samu aiki, ba a kuma yi asarar komai ba.

Hujja ta biyu ta fi ciwo, ita ce tsaro. Mutanen karkarar Madarunfa da Gidan Runji da sauran garuruwan bakin iyaka sun san abin da ake nufi da a kwana ido biyu saboda masu satar shanu da satar mutane. Abin takaici, kalmar "ƴan bindiga" da a da ke nufin dakarun sarki, yau in an faɗe ta gaban kowa faɗuwa yake. Wanda ke cikin wannan hali in ya ce zai ɗauko bindigar kakansa, ba mu da bakin yi mishi dariya. Amma mu gaya wa juna gaskiya. Bindigar da ke harbi ɗaya, in ma ta yarda ta tashi, sannan a tsaya sabon ɗuri, me za ta yi gaban mai ɗaukar harsashi 30? Ƙarfin zuciyar ƙarya kawai za ta ba mai gida, ya fito inda ya kamata ya ɓuya. Ƙari kan haka, a irin wannan lokaci bindigar da ba ta da takarda in aka same ta a ɗakinka, kafin ka gama bayanin ta gado ce ka kwana inda ba ka so. Tsaron ƙauye magana ce babba da ke wuyan hukuma da shugabannin jama'a, tsohon ƙarfe mai tsatsa ba zai ɗauke ta ba.

Akwai kuma masu cewa tunda ba za a harba ba, a sayar a huta. Ba ma zargin mai iyalin da hatsi ya ƙare mishi. Sai dai dillali ba don Allah yake zagaya gidaje ba, ya san abin da zai samu can gaba ya ninka abin da zai ba ka. Kuɗin za su ƙare kafin kaka ta zo, bindigar kuma ta ƙetare iyaka ba sunan kakanka a jikinta. Ƙasarmu na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma fitar da irin waɗannan kaya waje ba izini laifi ne. Mu tuna yadda Afirka ke faman neman a maido mata da abin da aka kwashe: a 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umarul Futi, a 2021 ta mayar wa Benin kayan fadar Abome guda 26, duk bayan dogon roƙo. Ina amfanin mu yi ta kukan abin da aka ɗauke da ƙarfi, alhali wanda ya rage muna miƙa shi da hannunmu? In sayarwa ta zama dole, a fara tallata wa ɗan uwa mai hali, ko fada, ko gidan tarihi.

TO YAYA AKE ADANAWA?

Abu na farko, kuma mafi muhimmanci: a ɗauka cewa bindigar da ɗurinta. Mutanen da sukan ajiye ta a ɗure saboda ko-ta-kwana, mai ita ya rasu ba wanda ya sani. Baƙin albarushi in bai jiƙe ba yana iya tashi bayan shekara 100. Kar a leƙa bakinta, kar a ja kunama don gwaji, kar a kai ta kusa da wuta, kar a bar yara su yi wasan soja da ita. A nemi wanda ya san aikin, sarkin bindiga ko tsohon maƙerin bindiga ko masanin makamai na jami'an tsaro, ya tabbatar ba komai a ciki. Tsoffin harsasai da ragowar albarushi kuma kar su zauna ɗaki ɗaya da ita, a miƙa su ga jami'an tsaro.

Na biyu, a sanar da hukuma. Tsufan bindiga bai fitar da ita daga sunan bindiga ba. A bi ta hannun mai gari ko hakimi zuwa wurin jandarma ko ƴan sanda, a nemi takarda. Ɓoyewa ita ke mayar da kayan gado kayan laifi.

Na uku, a rage ƙwazon gyara. Bindigogin da masu son su ƙyalli suka lalata ba su da iyaka. Kar a gurje ta da yashi ko toka, kar a sa mata ruwan batir ko lemun tsami, kar a shafa mata fenti, kar a cire fata da layun da ke jikinta. Wannan duhun da ƙarfe ya yi shi ne shaidar shekarunta, mai gurzawa kuma tare da tambarin yake gurjewa. Abin da take so kaɗan ne: a share ƙura da busasshen ƙyalle, a shafa wa ƙarfen man keken ɗinki ɗan kaɗan, kar man ya jiƙa iccen, baƙin man mota kuwa kar ya kusance ta. Kar a ƙunshe ta cikin leda, domin leda na riƙe gumi. Kube na fata ma in an daɗe yana jawo tsatsa. A ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a nisanta ta da bangon da ke jiƙa, a kulle ta inda yaro ba ya kaiwa, a duba ta farkon damina da ƙarshenta.

Na huɗu, a adana labarin, domin shi ne rabin darajarta. A ɗauki hotonta da waya, gaba ɗaya da kuma kowane tambari. A zaunar da tsohon da ya fi kowa sani, ko tsohuwar, don sau da yawa gwaggo ta fi baffa riƙe zance, a naɗi muryarsu: wa ya fara mallakarta, ina ya samo ta, ina ta je, wa ya gyara ta, yaushe aka yi mata harbin ƙarshe. A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, a ajiye tare da ita, a kuma raba wa dangi. A Yamai akwai cibiyoyin IRSH da CELHTO da aikinsu ke nan, tattara tarihin baka, ga kuma jami'o'inmu na Damagaram da Maraɗi da Tawa cike da ɗalibai masu neman abin bincike.

Na biyar, a yi maganar gado tun da wuri. Bindiga ba gona ba ce da za a ja mata iyaka. In magada sun yi shiru har ranar rabo, ƙarshenta a yi mata kuɗi a sayar wa baƙo. Gara a zauna da malamin da ya san rabon gado, ko dai ɗaya ya ɗauka ya biya sauran haƙƙinsu, ko duka su amince ta zama ta gida, a hannun babba, ba mai sayarwa.

KIRANMU GA FADA DA HUKUMA

Abin da ke hana mutane fito da irin waɗannan kaya tsoro ne: kar a ƙwace, kar a kai ta wani wuri a ce ta ɓace. Maganin wannan tsoro yana hannun manya. Fadojin Damagaram, Katsinar Maraɗi, Gobir, Ƙonni da sauransu za su iya buɗe littafin rajista, a rubuta kowace tsohuwar bindiga da hotonta da sunan gidan da ke riƙe da ita, ta kuma ci gaba da zama wurin masu ita. Gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, da gidajen tarihi na jihohi, za su iya karɓar aro bisa rubutacciyar yarjejeniya, da sunan mai ita a rubuce a gabanta, da ikon gida su karɓi abinsu in sun so.

Muna kuma roƙon masu aikin tattara makamai. Ranar 25 ga Satumban 2000 aka ƙona makamai sama da 1000 a Agadas a bikin wutar zaman lafiya, kuma wannan abin alfahari ne ga ƙasa. Amma duk lokacin da za a tara makamai don lalatawa, a gayyaci masanin kayan tarihi ya duba tukuna. Kar bindigar da ta je Tirmini ta shiga wuta ɗaya da wadda aka ƙwace hannun ɓarawon shanu.

Ga ku samari masu ɗokin jin ƙara, ba mu raina ɗokinku ba, jinin gida ne ke motsi. Amma ƙarar harbi daƙiƙa ɗaya ce, hayaƙin ya bi iska kafin a kai ƙofar fada. Ita kuwa bindigar, in kuka bar ta lafiya, jikokinku za su riƙe abin da kakan kakansu ya riƙe. Kafin Sallah mai zuwa, ku je ku gaida tsohon da ya san labarinta, ku kunna waya ku ce ya ba ku. Ƙarfen zai iya jiran wata shekara, shi tsohon ba mu da tabbas.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan magabata, ya sa mu iya riƙon abin da suka bar mana. Amin.